Waƙar Bakin Dutsen Niƙa da Ma'anar 'Yanci

Duk wanda ya taɓa kwana a wani ƙauye na ƙasar Zurmi ko ta Shinkafi a zamanin da injin niƙa bai yawaita ba, ya san muryar da takan fara tashi a gari. Tun da jijjifi, kafin a kira assalatu, sai a ji gurzar dutse daga bayan danga, a ji wata siririyar murya tana bin gurzar, tana hawa tana sauka. Mace ce ta durƙusa tana niƙa, tana waƙa. Mazan da ke wucewa zuwa masallaci ba su cika tsayawa su saurara ba, gama a ganinsu waƙar niƙa ba ta wuce abin rage gajiya ba. Amma da za su kasa kunne, da sun ji abin da ba a faɗa musu a tsakar gida da rana. Wata tana begen uwarta da ta shekara ba ta gani ba, wata tana yi wa kishiya habaici, wata tana kukan an ba da ita ga wanda ba ta so. Akwai kuma wadda ba abin da take yi sai ambaton sunan garinsu da na 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsoron kada ta manta.

Wannan ƙasa ba baƙuwar waƙa ba ce. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne ta ƙasar Shinkafi, ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙoƙin da malaman jami'a suka daɗe suna nazari. Kassu Zurmi kuwa ya yi suna wajen waƙar 'yan tauri da mafarauta. Waɗannan an san sunansu, an ɗauki muryarsu an ajiye. Amma waƙoƙin niƙa da na daɓe da na gaɗa da na raino, ba wanda zai iya nuna wadda ta fara su, ko da yake masu yinsu sun fi mawaƙan fada yawa nesa ba kusa ba. A cikin waɗannan waƙoƙi marasa suna akwai wata babbar tambaya wadda ta dami masana na ƙasashe da yawa, watau mene ne 'yanci, kuma macen da ke zaune a gidan wani, ƙarƙashin ikon wani, tana da rabo a cikinsa ko ba ta da shi?

Asalin Kalmar

Kafin a yi nisa, ya kamata a dubi kalmar kanta, gama Hausawan dā sun ɓoye hikima a cikinta. Kalmar 'yanci daga 'ya ta fito. Zamfarawa da Gobirawa da Sakkwatawa, da yake su ɗiya suke cewa, sai suka ce ɗiyauci. Ma'anar duka ɗaya ce, watau zama ɗa. A zamanin bauta mutane iri biyu ne a gari, akwai ɗa, akwai bawa. Abin da ya raba su ba ci ba ne ko sutura, don bayin sarki da yawa sun hau dawaki, sun sa alkyabba, sun riƙe sarauta, alhali talaka ɗa yana kwana da yunwa. Abin da ya raba su shi ne asali. An ciro bawa daga cikin danginsa, an kawo shi inda ba shi da kowa, sau da yawa har suna akan sāke masa. In an cuce shi ba mai tsaya masa, in ya yi magana ba a ɗaukarta da nauyin maganar ɗa.

Ashe ke nan a bakin Bahaushe kishiyar 'yanci ita ce baƙunta, irin baƙuntar da ba ta ƙarewa. Ɗa shi ne wanda yake da wuri, yake da suna, kuma in ya buɗe baki a saurare shi. Duk wanda aka raba da waɗannan, ko da ba a taɓa kai shi kasuwa an yi cinikinsa ba, ya ɗanɗani wani abu na halin bawa. Da wannan ma'auni za a auna sauran maganar.

Baƙuwa a Gida Biyu

A ɗauka ga wata yarinya a wani ƙauye na bakin gulbin Bunsuru. Tun tana ƙarama, in ta yi ƙiwuya sai a ce da ita ta koyi aiki, gama ita ta gidan wani ce. Ta girma tana jin wannan magana har ta zauna mata a rai cewa gidan ubanta zango ne. Ran nan aka ɗaura mata aure da wani ɗan kasuwa a Kaura Namoda, garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1929, ya tara baƙi masu cinikin gyaɗa da auduga daga ko'ina. Aka lulluɓe ta, aka kai ta tana kuka, mutane suna cewa ai kukan al'ada ne. A daren nan ba za ta yi magana ba sai abokan ango sun sayi baki. Wasa ne, ana dariya, amma akwai abin lura a cikinsa, gama ranar farko ta sabuwar rayuwarta an fara ta ne da shiru.

Daga ranar sunanta na yanka ya fara ɓacewa. Yau amarya, gobe matar wane, in Allah ya ba ta haihuwa ta zama uwar wane. Kunya ta hana ta kiran sunan mijinta da na ɗanta na fari, ladabi ya hana ta mayar wa uwar miji magana. Ta kuma sani kalma ɗaya daga bakin maigida ta isa ta ɗaure kayanta, ta tafi ta bar 'ya'yan da ta haifa. In ta yi yaji ta koma gidan ubanta, kwana kaɗan za a fara tambayar yaushe za a zo biko. A can an ce ta gidan wani ce, a nan kuma ana iya tuna mata cewa zuwa ta yi. Ba banza ba aka ce aure yaƙin mata.

Kada mai karatu ya zaci ana cewa duk gidan aure gidan baƙin ciki ne. Gidaje da yawa ana zaman lafiya da ƙauna, akwai mazan kirki da surukai masu tausayi, akwai uwargidan da ba a yanke shawara sai da ita. Amma ko a gidan kirki, ba macen da ba ta ɗanɗani baƙuntar nan ba a shekarunta na farko, kuma da yawa sun tsufa a cikinta.

To, al'adar da ta rufe mata baki ita ce kuma ta bar mata wata 'yar ƙofa. Abin da aka faɗa cikin waƙa ba a kai shi gaban alƙali. Mai niƙa ba ta kama sunan kowa ba, in wani ya ji haushi shi ya tona kansa, gama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Haka kuma ranar daɓe, sa'ad da matan unguwa suka taru suna dukan ƙasa da madaɓi a ɗakin amarya, ɗaya ta bayar saura su amsa, a faɗi abin da ba mai iya faɗa ita kaɗai.

Abin da ke faruwa a nan ya wuce rage gajiya. Akuya ma in ta ji ciwo tana kuka, amma ba ta san abin da ke damunta ba, ba ta kuwa iya ba shi suna. Ɗan Adam kaɗai ke iya ja da baya ya dubi halin da yake ciki, ya ce wannan kewa ce, wannan zalunci ne, wannan kuwa laifina ne. Sa'ad da mace ta ɗauki abin da ke cin ranta ta jera shi cikin kalmomi, ta daidaita shi da tafiyar dutse, ta ji shi da kunnenta, ta riga ta fita daga cikinsa da taki ɗaya. Ta gane cewa akwai wata a cikinta wadda ba amarya ba ce, ba kishiya ba ce, ba uwar wane ba ce, ita ce dai wadda ke ganin duk waɗannan tana auna su. Wannan shi ne mafarin sanin kai. Wanda bai san kansa ba kuwa, ko an ba shi 'yanci bai san inda zai ajiye shi ba.

Ƙofa Ba Ita Ce Ma'auni Ba

Wasu suna zaton maganar 'yancin mace maganar ƙofa ce kawai, in a buɗe take mace 'ya ce, in a rufe take baiwa ce. Tarihin ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan zato ba. A zamanin bauta, kuyangi su ne ke fita gona da rafi da daji, su sha rana, matan 'ya'ya kuwa suna cikin gida. Turawa suka yi doka cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, sa'an nan aka soke bauta ɗungum a Arewa a 1936. Wani Bature mai bincike, M. G. Smith, wanda matarsa Mary ta rubuta labarin Baba ta Karo daga bakinta, ya zauna a ƙasar Zazzau wajen 1950. Ya lura cewa matan da suka fita daga bauta, abin da da yawansu suka fara yi shi ne barin noma su shiga kulle, don a san su ma yanzu 'ya'ya ne. Ga su, rufaffiyar ƙofa ita ce shaidar ɗiyauci.

A dubi kuma ɗaya gefen. Tun daga wajen 2011 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zamfara, ƙauyuka da yawa na Zurmi da Shinkafi suka watse. Mata suka kwaso 'ya'ya suka shigo manyan garuruwa, wasu suka fake a makarantu da kangaye, wasu suka shiga bara. Waɗannan ba katanga tsakaninsu da titi, ba mai tambayarsu ina za su. Amma wane mai hankali zai ce sun sami 'yanci? An raba su da gida da gona da kaburburan iyayensu, sun zama baƙi a ƙasarsu, watau ainihin abin nan da kalmar ɗiyauci take kishiyarsa.

Wadda ta shiga kulle da ƙafarta tana murna, da wadda aka fitar titi tana kuka, su biyu sun nuna abu ɗaya. Ba zama ciki ko fita waje ake tambaya ba. Abin tambaya shi ne, wa ya zaɓa?

Malamai sun ruwaito labarin wata baiwa a Madina mai suna Barira, wadda Nana A'isha ta saya ta 'yanta. Tana da miji bawa, sunansa Mugisu. Da ta zama 'ya, shari'a ta ba ta zaɓi, ko ta zauna da shi ko ta rabu, sai ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya dinga binta a titunan Madina yana kuka har hawaye na jiƙa gemunsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji tausayinsa, ya nemi ta koma. Sai ta tambaya ko umurni ne. Ya nuna mata cewa ceto kawai yake yi. Ta ce in haka ne ba ta da bukatarsa. Ba a tilasta ta ba, ba a kuwa zarge ta ba. Abin farko da 'yanci ya kawo wa Barira shi ne ikon cewa a'a, kuma mafificin halitta ya bar mata shi.

Abin da Masanan Wasu Ƙasashe Suka Ce

Bayan yaƙin Hitila, wanda ya ƙare a 1945, wasu masana a Faransa suka yi ta tunani a kan zaɓi. Babbansu Jean-Paul Sartre ya koyar da cewa mutum ba kamar wuƙa yake ba, wadda maƙeri ya san amfaninta tun kafin ya ƙera ta. A ganinsa mutum yakan sami kansa a duniya tukuna, sa'an nan ya gina ko wane ne shi da abubuwan da ya zaɓa, kuma ba shi da hanyar tsere wa zaɓi, gama ƙin zaɓa ma zaɓi ne. Wanda ya ce ba yadda zai yi alhali akwai, yaudarar kansa yake. Abokiyar tunaninsa Simone de Beauvoir ta fitar da wani babban littafi a kan mata a 1949. Ta ce an mayar da namiji ma'auni, mace kuwa ba a bayyana ta sai ta hanyarsa, kuma yawancin abin da ake kira halin mata tarbiyya ce ta dasa shi. Wanda ya tuna yarinyar nan da sunanta ya koma matar wane zai gane inda maganar ta dosa.

Mawaƙa mata na ƙasashe da yawa sun bi wannan hanya. Akwai wata a Iran mai suna Furug Farrukzad, wadda aka yi wa aure tana 'yar shekara 16. Sunayen littattafan waƙoƙinta kaɗai sun isa su ba da labarinta. Na farko, a 1955, ma'anar sunansa Kamammiya, na biyu Bango, na uku Tawaye, na huɗu kuwa, a 1964, Wata Haihuwa. Ta sami muryarta, amma ba kyauta ba, gama aurenta ya mutu, aka raba ta da ɗanta guda ɗaya, ta zauna da wannan miki har ta rasu cikin haɗarin mota a 1967.

Musulmi ba zai karɓi maganar masanan Faransa duka ba. Su sun ce ba Mahalicci, ba kuwa wata manufa da aka yi mutum dominta. Musulmi ya san Allah ya halicce shi don bauta, ya kuma yi imani da ƙaddara. Amma akwai inda hanyoyin suka haɗu. Ko a makarantar allo an koyar da cewa baligi mai hankali mukallafi ne, namiji ko mace, kuma ba a ɗora wa mutum hisabi sai don yana da zaɓi. Ran gobe ba mijin da zai amsa tambaya a madadin matarsa, ba uban da zai ɗauki kayan 'yarsa. In kuwa ita kaɗai za ta tsaya, to, lalle akwai wani wuri a cikinta wanda ba mallakin kowa ba ne sai Allah.

Nana Asma'u da 'Yan Taru

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, mata suna zuwa suna saurare. Wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aiko da waƙa yana sukar haka. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa da waƙa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. A littafinsa Nurul Albabi kuma Shehu ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗegel a 1793, ta san baƙunta tun tana ƙarama, gama tana wajen shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta girma cikin ƙaura da yunwa da yaƙi. Da aka ci Alkalawa a 1808, yaƙin da Namoda, wanda garin Kaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin manyan jagororinsa, da kuma yaƙoƙin da suka biyo baya, mata da yawa suka faɗa gidajen da ba su san kowa ba. Asma'u ta iya Larabci da Fulatanci, amma ta yi waƙoƙi da Hausa don irin waɗannan da matan ƙauye su fahimta. Ta naɗa dattijan mata da ake kira jaji, ta ba kowace malfa, su riƙa jagorantar ayarin 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙi su koma su koyar. Su ne 'Yan Taru.

Ba daidai ba ne a sa wa Asma'u rigar da ba tata ba. Matar Waziri Giɗaɗo ce, a cikin gida ta zauna har ta rasu a 1864, kuma abin da ta sa gaba shi ne tsiran lahira, ba abin da matar Faransa ta nema ba. Amma ta yi abu biyu da suka shafi tambayar nan. Na farko, ta ɗauki kowace mace a matsayin mai hankalin da za ta san gaskiya da kanta, ba sai ta bakin miji ba. Na biyu, ta yi wa mata marsiyya da sunayensu, har da wata maƙwabciyarta Halima da wata jaji Hauwa'u, waɗanda ba sarauta gare su ba. Da ba don alƙalaminta ba, da sun bi sahun masu waƙar niƙa, an manta da su.

Haƙuri Iri Biyu Ne

A nan wani zai ce, to, in dai mace tana samun kanta a cikin waƙa, kuma akwai wuri a zuciyarta da ba mai iya taɓawa, me ya rage? A bar ta da waƙarta, a ba ta haƙuri, ai mahaƙurci mawadaci. Wannan magana tana da daɗin ji ga wanda makulli ke hannunsa, amma akwai rami a cikinta.

Haƙuri iri biyu ne. Akwai na wadda ta auna, ta ga tana iya tafiya, ta zaɓi zama saboda 'ya'yanta ko saboda Allah. Wannan haƙuri ado ne, kuma nata ne. Akwai kuma na wadda ba a taɓa tambayarta ba, ba ta san haƙƙin da shari'a ta ba ta na sadaki da gado da ciyarwa da neman hul'i gaban alƙali ba. Wannan sunansa dole, kuma dole ƙanwar na ƙi ce. Wanda ya toshe duk hanyoyi sa'an nan ya yabi mace da haƙuri, yabon kansa yake yi.

Waƙar niƙa kuma tana da iyaka. Takan zama kamar ɗan gefen murfi da ake ɗagawa don kada tukunya ta yi bori. Tururi ya fita, wuta tana nan. In gari ya waye an kwashe gari, mai waƙa ta koma shiru, jibi ta sāke rera abin da kakarta ta rera. Kuka ba ya cika sai an ji shi. A cikin Alƙur'ani akwai sura guda da aka yi wa suna da macen da ta kawo ƙarar mijinta, watau Suratul Mujadala. Haulatu 'yar Sa'alaba ce, mijinta ya yi mata zihari irin na jahiliyya, ya bar ta ba aure ba saki. Ta yi ta jayayya tana kai kuka ga Allah, aka saukar da hukunci saboda ita. In Ubangijin talikai ya saurari kukan tsohuwa ɗaya, maigidan da ya toshe kunne ga muryar da ke bayan dangarsa ba shi da hujja.

Nauyin kuwa ba a kan maza kaɗai yake ba. 'Yanci kaya ne, wadda ta ɗauka ita ma za a tambaye ta. Sau nawa aka ga wadda ta yi kukan uwar miji a bakin dutse, da ta tsufa ta zama ita ce ake yi wa waƙa? Sau nawa wadda aka yi wa auren dole ta tsaya kai da fata sai 'yarta ta auri wanda ba ta so, tana cewa ai haka aka yi mata? A nan ne maganar nan ta yaudarar kai take da gaskiya. Sanin kai na gaske bai tsaya ga sanin cutar da aka yi wa mutum ba, ya haɗa da sanin wadda shi yake yi. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma karin maganar ba ya aiki sai wadda ta warke ta tuna zafin.

Daga Dutse Zuwa Alƙalami

Yanzu dutsen niƙa ya ja baya, inji ya karɓe aikinsa, siminti kuma ya kashe daɓe a wurare da yawa. Ba wanda zai yi kukan wahalar da ta tafi, amma waƙoƙin suna tafiya tare da ita. Muryar mata kuwa ba ta mutu ba, wuri ta sāke. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauki kiɗan ƙwarya na cikin gida ta kai shi rediyo da manyan taruka, tana zuga mata su kama sana'a kada su zauna jiran hannun miji. Hauwa Gwaram, wadda ta yi aikin koyar da manyan mata karatu a ƙasar Kano, da Hajiya 'Yar Shehu, an buga waƙoƙinsu a Zariya a 1983 cikin littafi mai suna Alƙalami a Hannun Mata. Balaraba Ramat Yakubu kuwa an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta shiga ajin manya ta koyi karatu, ta rubuta littattafan da aka karanta a ko'ina cikin ƙasar Hausa, har aka juya ɗaya zuwa Turanci. Daga irin bencin da mai karatu ya zauna ta tashi.

Bambancin waƙar baka da rubutacciya shi ne, ta baka tana tashi da iska, rubutacciya kuwa tana zama da sunan mai ita. Wadda ta iya rubutu tana iya aika wa uwarta wasiƙa ba tare da wani ya ji sirrinta ba, ta karanta takardar asibiti da ta kotu da idonta, ta sa hannu da sunanta na yanka maimakon dangwala yatsa. Ba a ce karatu zai kori 'yan bindiga ko ya gyara mugun miji ba. Amma yana mayar wa mutum da biyu daga cikin abubuwan da aka ce ɗa yana da su, watau suna da magana.

Saboda haka akwai aiki a gaban duk wanda ya karɓi takardar shaidar yaƙi da jahilci a Kaura ko Shinkafi ko Zurmi. In namiji ne, ya tuna daɗin da ya ji ran da ya fara rubuta sunansa, kada ya hana matarsa da 'yarsa wannan daɗi, kuma in za a yanke shawarar da ta shafi rayuwarsu, a tambaye su, a jira amsa. In mace ce, ta riƙe alƙalaminta da kyau, ta koya wa maƙwabciya. Kowannensu kuma ya nemi wata tsohuwa a gidansu ko cikin waɗanda gudun hijira ya kawo gari, ya zauna kusa da ita da littafi da fensir, ya roƙe ta ta rera abin da take rerawa a bakin dutse tana amarya. Ya rubuta yadda ta faɗa, kada ya gyara mata. In ya gama, ya tambaye ta sunanta na yanka da sunan garinsu, ya rubuta a ƙarƙashin waƙar.

Allah ya sa a dace, amin.